Rezo Har Ɗakin Goggo

Daga tagar ɗakin ɗinkina a saman bene ina hango rufin gidan Goggo, kwanon da tsatsa ta mayar ja, da bishiyar fiya tana leƙowa ta bayansa. Da mutum zai iya taka iska, taku arba'in ya isa. Amma a unguwarmu ta Briqueterie, a Yaoundé, ba a tafiya kai tsaye. Sai ka sauka, ka bi lungun masu tsire, ka zaga bayan masallaci, ka tsallake kwata biyu, sannan ka gangara a hankali, don gidan a cikin kwari yake. In an yi ruwa, jar ƙasar gangaren nan ba ta san babba ba. Ni kaina ta zaunar da ni sau biyu, ɗaya ma da kayan mutane a ka.

Goggo yayar mahaifina ce, kuma rabin girmana a ɗakinta na yi shi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bakinta bai taɓa furta sunana ba, Uwata take ce mini. Ko lokacin da take zane ni da maficin kaba, cewa take, "Uwata, yau sai na karya ki." Mutane na cewa taurin kaina a wurinta na sha shi, ni kuma ban taɓa musu ba.

Shekarar da mijinta Alhaji ya rasu, Goggo ta shiga takaba, zaman wata huɗu da kwana goma da mace ke yi a gidan mijinta. Ranar da aka fita da shi, ta tsaya a bakin zaure ta ce ƙafarta ba za ta ƙetare dokin ƙofar nan ba sai ta cika kwanakinta cif. A gabana ta faɗa, na kuwa san an rufe maganar.

'Ya ɗaya gare su, taubashiyata, wadda ke aure a wata ƙasa, can birnin Libreville. Rasuwar ta same ta da tsohon ciki, likita ya hana ta doguwar tafiya, ba ta ga gawar mahaifinta ba, ba ta zauna zaman makoki kusa da uwarta ba. Waya ce kawai ta rage musu, wayar kuma a gidan Goggo abin takaici ce. Kwarin nan yana tsakanin benaye biyu da aka gina a 'yan shekarun nan, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka cikinsa sai da ƙyar. Kira ya shigo, ka ji "Inna," sai shiru, sai ƙarshen wata kalma, sai ya yanke. Da Alhaji yana da rai, fita yake yi da wayar ya hau tudu ya dawo mata da labari. Yanzu babu mai hawa tudun, ita kuma ta ɗaure kanta.

Kullum da la'asar nakan rufe keke in gangara. Ina kallon Goggo tana ƙarewa a gabana. Matar da muryarta ke kaiwa gida uku in tana faɗa ta koma sai "to" da "Allah ya yi albarka." In na kai mata tuwo ta yi loma biyu ta tura kwanon. Har tsokanarta nake yi don ta zage ni, ba ta zagi. Abin ya tsorata ni ƙwarai, ban dai gaya wa kowa ba.

Ana cikin wata na biyu, ranar wata Asabar, taubashiyata ta haihu, namiji. Ni ta kira, don ni ke da wifi a gida. Akwatin nan na saye shi ne saboda sana'a, in ga sabbin yayi, in tura wa masu kaya hoton ɗinkinsu. A bisa tudu muke, ba ya ba ni wahala. Na ga jaririn a fuskar waya, na ce mata, "Alhamdu lillahi, bai ɗauko munin uwarsa ba." Maimakon ta rama kamar yadda muka saba, sai ta fashe da kuka.

Ta ce, "Baban ya ce sunan Alhaji za a sa masa. Ina so Inna ta ji da kunnenta lokacin da za a raɗa. Ina so in ga fuskarta. Tun da Baba ya rasu ban ga idon Inna ba."

Na ce, "Share hawayenki, an gama."

Haka bakina yake, yana riga hankalina fita. Sai da na ajiye wayar na tambayi kaina yadda za a yi a gama ɗin. Suna Asabar mai zuwa ne, da sassafe.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na ɗauki hotunan jaririn na kai wa Goggo. Ta duba ta daɗe, ta yi addu'a, ta miƙo mini wayar ta ce, "Hoto ba ya amsa sallama, Uwata." Kashegari na cire akwatin wifi ɗin dungum, na naɗe shi a mayafi na gangara da shi, na jona a ɗakinta. A gidana fitilarsa kore take nunawa. A ɗakin Goggo ta yi ja ta tsaya a ja. Na ɗora shi kan kabad, na kai shi tsakar gida, na ɗaga shi sama da hannu biyu kamar mai tallan fura, bai canja ba. Ashe shi ma daga sama yake sha, abin da ya hana waya shi ya hana shi.

Na dawo da shi gida raina a ɓace. Baban yara yana cin abinci, ya ɗago ya ce, "Injiniya an dawo?" Na wuce shi na mayar da akwatin mazauninsa, don na san in na buɗe baki abincin ba zai ciwu ba.

Ranar Litinin wata dabara ta zo mini. In akwatin ba zai yi aiki a kwari ba, to ya zauna a tudu ya jefa musu daga nan. Na ɗora shi a kan tagar da ke kallon gidan Goggo, na riƙe wayata na fara gangarawa ina kallon 'yan sandunan nan da ke nuna ƙarfinsa. A lungun masu tsire ya ɓace. Bayan masallaci babu. Har na fitar da rai, ina isowa ƙofar gidan Goggo sai ga sanda ɗaya ta fito, sai ta biyu. Na ɗaga kai, ga tagata can sama tana kallona, babu abin da ya shiga tsakani. Na kira taubashiyata a tsaye a wurin, fuskarta ta fito tar. Na yi taku ɗaya na shiga zaure, hoton ya daskare. Na koma waje, ya dawo. Na shiga, ya tafi. Sau biyar ina haka, har mai sayar da gawayi na ƙofar gidan ya tambaye ni ko lafiya.

Taku ɗaya ne tak, a wajen dokin ƙofa. Na shiga wurin Goggo da murnata na ce mata an samu, ta sa hijabinta ta fito bakin ƙofa minti biyar kawai.

Ta ce, "Waje?"

Na ce, "Goggo, ƙafa ɗaya. Ɗayar ma ki bar ta a ciki."

Ta ce, "A'a."

Na yi magiya, na yi fushi, na kawo mata kukan 'yarta, ba ta motsa ba. Sai na tafi wurin malamin da ke koyar da mu karatu ranar Lahadi, dattijo ne mutumin Garwa, mai sanyin magana. Ya saurare ni ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai buƙata, balle bakin ƙofarta, matuƙar a gidan za ta kwana. Har ya taso da kansa ya zo ya tsaya a zaure, ya faɗa mata daga bayan labule. Goggo ta gode masa, ta sa aka ba shi goro. Yana fita ta dube ni ta ce, "Malam ya faɗi gaskiya, littafi bai hana ni ba. Ni na hana kaina. Shekara arba'in da 'yan kai marigayi bai taɓa kwana da fushina ba. Wannan zaman shi kaɗai ya rage da zan yi masa, kuma ba zan yi masa shi da giɓi ba."

Haushi na ji, kuma a cikin haushin na ji ta ƙara girma a idona. A hanyar komawa gida na yanke shawara, tunda Goggo ba za ta fito wurin rezo ba, rezo zai shiga ya same ta a kan tabarmarta.

Ranar Laraba na shiga kasuwar Mokolo, layin masu kayan waya. Na tambayi mutum uku, kowa na son ya sayar mini da sabon akwati. Na huɗun wani mai ƙiba ne da tabarau a goshi, ya bar ni na gama bayanina da Faransancina na kasuwa, har na zana masa tudu da kwari a bayan kwali. Ya ciro wani farin abu da bai fi sabulun wanki ba, mai ƙahoni biyu. Ya ce sunansa répéteur, aikinsa ya karɓo daga babban akwati ya miƙa gaba.

Na ce, "Wato ɗan aike."

Ya yi dariya ya ce, "Voilà, Hajja." Ya ce in faɗa masa unguwa ya zo ya haɗa mini. Na ce gidan takaba ne, baƙon namiji ba ya wuce zaure, ya koya mini kawai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga da gaske nake, ya jawo kujera. Ya nuna mini maɓallin da zan danna a nan da wanda zan danna a can, ya sa na maimaita har sau uku. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce abu biyu kada in manta. Na farko, su riƙa ganin juna, babba da ƙarami. Na biyu, ƙarfe abokin gabarsa ne. Katako yana ratsawa, labule yana ratsawa, bango ma yakan yi ƙoƙari, amma kwano ko tukunya, nan ya tsaya.

A gida na haɗa su kamar yadda ya koya mini, fitilar ɗan aike ta yi shuɗi. Na kai shi ɗakin Goggo na sa a tagarta mai kallon tudu, sai fitilar ta koma kyaftawa. Na leƙa ta tagar, ban ga tagata ba, ganyen fiya na gani. Reshe ɗaya ne ya tokare hanya. Na ce a kira mai adda. Goggo ta ce Alhaji ya dasa bishiyar nan da hannunsa shekarar da aka haifi 'yarsu, ko ganye ɗaya ba za a taɓa ba. Na ce a raina, wannan baiwar Allah ita da rezo ban san wanda ya fi wuyar sha'ani ba.

To, in reshe ba zai sauka ba, akwatina zai hau. Na lura in aka ɗaga shi kamu uku sama da tagata, zai hango tagar Goggo ta saman bishiyar. Ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci na aro tsani wurin makwabcinmu mai fenti, na samo gora doguwa, na yanke gindin wata jarkar roba na yi wa akwatin hula saboda ruwa. Na ce wa baban yara ya hau ya ɗaure. Ya kalli tsanin, ya kalli ƙasa, ya ce bayansa na ciwo tun jiya, mu jira wani ya zo. Na ce, "Riƙe mini tsanin."

Na sa wandonsa a ƙarƙashin zanena, na ɗaure mayafi a ƙugu, na hau daga baranda. Na kai ƙarshen tsanin na duba. Duk Briqueterie ta baje a ƙarƙashina, rufin kwano a kan rufin kwano har unguwar Messa, hayaƙin tsire na tashi. Masu shayi na bakin layi suka bar shayinsu suka zuba ido. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ikon Allah! Yau mata sun hau sama!" Baban yara daga ƙasa yana ta cewa, "Sauko haka nan, mutane na kallo." Na ce masa su kalla da kyau, ba kullum ake samun irin wannan kyauta ba. Na ɗaure gorar da igiyar shanya, ɗaurin da na san ko iskar damina ba za ta kwance ba, na sauko tafin hannuna duk tsatsa.

Ban tsaya wanke hannu ba na gangara. Tun daga ƙofar ɗaki na hango fitilar ɗan aike, shuɗiya, a tsaye cak. Na zauna a kan tabarmar Goggo, daidai inda take zama, na duba waya, sanduna sun cika. Na kira baban yara, fuskarsa ta fito yana riƙe da tsanin har yanzu. Na ce, "Gaishe da injiniya." Ya ce, "Ranki ya daɗe."

Na juya zan kira Libreville, Goggo ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bari sai gobe, Uwata. Kada ta gan ni a haka, ga ta da ɗanyen jego. Bari in ci abinci in kwana." A ranar ta cinye tuwonta tas, har ta ce miyar ba gishiri. Wannan ƙorafin ya fi mini kowace godiya daɗi. Kafin in tafi na ja mata kunne, na ce ko me zai faru kada a cire ɗan aike daga wuta. Ta ce ta ji.

Bayan magariba aka tsuge da ruwa irin na Yaoundé, mai iska, wanda ke shiga ta ko'ina. Na leƙa na ga gorata tana nan, hular jarka ta riƙe, na kwanta hankalina kwance.

Da safe ina idar da salla na gangara da wayoyi biyu. Na tarar gidan ya fara cika. Matan dangi da na makwabta sun ji labari cewa yau za a yi suna a Libreville a gani a ɗakin Goggo, kowa ta zo da kujerarta. An dama kunu, an soya ƙosai. Goggo na zaune a tabarma da farin hijabinta, ta yi wanka, carbi a hannu. Taubashiyata ta riga ta aiko saƙo cewa maza sun fara taruwa, liman na hanya, ƙarfe bakwai za a raɗa.

Na ciro waya. Babu ko sanda ɗaya.

Na kashe na kunna, babu. Na gwada ɗayar, babu. Mata suka zuba mini ido. Wata 'yar'uwar Alhaji, wadda dama ba ma shiri, ta ce, "Dama na ce abin nan sai maza." Na haɗiye amsar da ta zo mini, don ba ni da lokacinta. Zuciyata ta ba ni cewa iskar jiya ta juya akwatin. Na tattare zane na fita da gudu, na hau gangaren nan mai santsi da hannu da ƙafa, na isa baranda ina haki. Gora na tsaye, akwati na kallon inda na bar shi, fitila kore. A nan saƙon taubashiyata ya shigo: "Liman ya iso. Kuna ina?" Saura minti goma sha biyu.

Na tsaya a barandar na hangi tagar Goggo ta tsakanin ganyen fiya. Jiya daga nan ina iya ganin ɗan farin abu a bakinta. Yau tagar a rufe take ruf. A gaggawata ko kallon wurin ban yi ba da na shiga ɗakin.

Yadda na sauko gangaren nan Allah kaɗai ya sani. Takalmi ɗaya ya tsaya a cikin laka, na bar shi nan. Na faɗa ɗakin na buɗe tagar, wayam.

Na ce, "Goggo, ina ɗan aike?"

Ta ce, "Yana nan lafiya lau. Ruwa ya yi ta feso shi jiya, na ce abin mutane mai tsada zai lalace. Na adana miki shi."

"Kin cire shi?"

"Kin ce kada a cire, ban cire ba."

Na bi wayar wutar da ido. Daga bango ta sauka, ta bi bayan gado, ta hau kan jeren kwanonin aurenta da ke cikin kabad, ta shige ƙarƙashin murfin babbar kwalla. Duk wanda ya tashi a ɗakin tsohuwar Bahaushiya ya san kwallar nan, tasa ce babba ta ƙarfe mai fure da murfi, wadda ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Abin da ya fi daraja a gida shi ake sa wa. Na ɗaga murfin, ƙanshin turaren wuta ya bugo ni. Ga hular Alhaji, ga tabaransa, ga 'yan kunnen zinaren Goggo a ƙulle a tsumma. A tsakiyarsu ga ɗan aike, an naɗe shi da sabon ɗankwali, yana ta kyafta ido shi kaɗai a cikin duhu. Maganar mai tabarau ta faɗo mini, kwano ko tukunya, nan ya tsaya.

Dariya da kuka suka taho mini tare, ban san wanda zan fara ba. Na ce, "Goggo, kin karrama shi har kin kashe shi!" Na zare ɗankwalin, na mayar da shi bakin taga, na miƙe ƙahoninsa suna kallon tudu. Fitilar ta kyafta, ta kyafta. Ɗakin nan da mata sun fi ashirin, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga kwano. Ina ta salati a zuci. Sai ta tsaya, shuɗiya.

Na danna kira. Ƙara ɗaya aka ɗauka. Mijin taubashiyata ne, ya juya wayar, ga maza a zaune a kan tabarmi cikin fararen kaya, ga liman ya ɗaga hannu. Na durƙusa na riƙe wa Goggo wayar a gabanta, na ƙure murya. Muka ji Fatiha tiryan-tiryan, ko yankewa ɗaya babu. Sannan aka faɗi sunan, sunan Alhaji, aka maimaita shi da ƙarfi don na baya su ji. Wata biyu ke nan ba a kira sunan nan a kan mai rai ba. Goggo ta rufe ido, leɓunanta na motsi, hawaye na bin kumatunta. Mata suka shafa, wata ta manta gidan takaba ne ta rangaɗa guɗa, ba wanda ya hana ta.

Aka shiga da wayar cikin gida. Fuskar taubashiyata ta cika allon, ta ce, "Inna." Wannan karon kalmar ta iso gaba ɗayanta. Goggo ta miƙa hannu ta karɓi wayar daga hannuna, ta kawo ta kusa, ta daɗe tana kallo. Can Goggo ta ce, "Kin rame. Ba sa ba ki kunun kanwa ne?" Taubashiyata ta yi dariya cikin kuka ta ce, "Inna, ke ce kika rame." Goggo ta ce, "Ni jiya na cinye tuwona, tambayi Uwata."

Sai aka ɗago jaririn, an yi masa aski, yana barci, ya dunƙule hannu a gefen kunne. Na san Goggo ba za ta iya kiran sunansa ba har abada, kamar yadda ba ta kiran nawa. Duk muka zuba mata ido mu ji me za ta ce masa. Ta gyara zama, ta share fuska da gefen hijabi, sai muryar nan tata ta dā, wadda ke kaiwa gida uku, ta fito.

"Sannu, Maigida! Wato ni ka bar ni a nan ina zaman ɗaka, kai kana can kana sharar barci?"

Ɗakin ya kece da dariya, har da 'yar'uwar Alhaji, har da masu kuka. Jaririn ya motsa ya buɗe ido ɗaya. Goggo ta ce, "Kun gani? Ya ji ni. Dama shi ba ya gardama." Ta yi dariya har carbin ya faɗi daga cinyarta.

Ni ina tsugune a gefe, ƙafa ɗaya ba takalmi, zane duk jar laka, tafin hannu da sauran tsatsar jiya. Na yi ɗinkin amare da ba sa ƙirguwa, an yaba mini, amma ban taɓa jin kaina ya yi girman da ya yi a safiyar nan ba. Na kalli 'yar'uwar Alhaji, na gyara ɗaurin ɗankwalina a hankali.

Sun fi awa suna hira. Da za a kashe, Goggo ta ce wa 'yarta gobe war haka ta kawo mata maigidanta ta gan shi, kuma kullum haka. Ta miƙo mini wayar ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Na nuna mata sau biyu, na uku ta ture hannuna ta ce ta gane, ita ba yarinya ba ce.

Goggo ta cika wata huɗu da kwana goma ba ta ƙetare dokin ƙofa ba, kuma tun daga ranar sunan ba ta yi kwana ɗaya ba ta ga jikanta ba. Ranar da ta fita takaba, gidana ta fara zuwa. Ta hau gangaren da kanta, ta hau benen tana hutawa a kowace matakala, ta fito baranda. Ta ɗaga kai ta kalli gorar da hular jarka, ta leƙa ƙasa ta ga nisan. Sannan ta juyo ta kama kunnena kamar ina 'yar shekara bakwai.

Ta ce, "Nan kika hau saboda ni? Uwata, yau sai na karya ki."